Daga Yamai zuwa Jidda a jirgin sama: kilomita nawa ne, awa nawa ne?

Wani bawan Allah daga Tawa ya aiko da tambaya. Mahaifiyarsa, wadda ta haura shekara 70, za ta tafi Umra. Ya duba nisan Yamai zuwa Jidda a wayarsa, wani wuri ya ga 4,000, wani wuri 2,500, wani kuma 2,170. Maƙwabcinsa da ya sauke farali ya ce masa tafiyar awa biyar ce da ƴan kai, amma mai ajans ya nuna masa tikitin da ke cin awa 17. Shi ne yake so ya san wanne ne gaskiya, kuma wanne zai sayar wa tsohuwa.

Malam, Allah ya kai Hajiya lafiya, ya dawo da ita lafiya, kai kuma ya saka maka da ɗawainiyar da kake yi. Na daɗe ina aikin tsara tafiyar jirage a nan Yamai, kuma wannan tambaya taka ita ce wadda aka fi yi mani a gidan suna da gidan biki. Amsar a gajarce: daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda kilomita 4,000 ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Jirgin da ya tashi kai tsaye, kuma aka bar shi ya bi miƙaƙƙiyar hanya, zai ci awa biyar zuwa biyar da rabi. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba. Mai ajans ma bai yi ƙarya ba. Tafiya iri biyu suke ba ka labari.

Lambobin nan uku da ka gani duk nisa ɗaya ne, mudun awon ne ya bambanta. Kilomita shi ne namu. Mil na Ingila da Amurka ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan, mita 1,609 ke nan, saboda haka kilomita 4,000 yakan fito wajen mil 2,500. Na uku shi ne mil na teku, wanda matuƙa jirgin ruwa da na sama suke aiki da shi, mita 1,852, kuma da shi nisan yakan fito wajen 2,170. A ofis da wannan na ukun muke lissafi. Kai dai ka riƙe kilomita.

Abin da na fi so ka gane shi ne yadda ake samo wannan 4,000 ɗin, don a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa in sun buɗe taswira. Duniya a dunƙule take, taswira kuwa a shimfiɗe, kuma ba yadda za a yi ka shimfiɗa bawon lemu a kan tabarma ba tare da ya yage ko ya miƙe ba. To haka taswira take miƙar da wasu wurare. In kana so ka ga hanya mafi kusa tsakanin garuruwa biyu, ɗauki ƙwarya ka kife ta, ka ɗiga alama biyu a bayanta, ka ja zare tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. Da tsawon wannan zare ake faɗin nisan gari da gari a sama. Zagayen duniya gaba ɗaya kusan kilomita 40,000 ne, ke nan Hajiya za ta ratsa kashi ɗaya cikin goma na zagayen duniya.

Kuma wannan zare, Malam, ba baƙonka ba ne. Sau biyar kake fuskantarsa kowace rana. Alƙibla ba wani abu ba ne illa bakin wannan zare da aka ja daga inda kake tsaye zuwa Ka'aba. Shi ya sa masallatan Yamai ba gabas sak suke kallo ba, sukan ɗan karkata arewa, wajen digiri 72 in an fara ƙirga daga arewa. Makka ba ta da nisa da Jidda, kilomita 80 ne ko kusa da haka, saboda haka jirgin da ya tashi daga Yamai ya nufi Jidda kai tsaye, kusan alƙibla ya sa a gaba. Ranar da malaminmu ya nuna mana wannan a aji, na daɗe ina kallon taswirar. Lissafin da malaman Musulunci suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi don gano alƙibla, shi ne dai lissafin da kwamfutar jirgi take yi yau.

Bari in bi zaren da kai. Daga Yamai yakan nufi gabas maso arewa, ya wuce kudu da Tawa da abin da bai fi kilomita 50 ba. E, Hajiya za ta sha hanyar mota zuwa Yamai, sannan jirgi ya dawo da ita ta saman ƙasar Adar kafin a yi minti arba'in da tashi. Daga nan ya ratsa tsakanin Tanut da Agadas, ya faɗa Tenere, ya shiga arewacin Cadi. Tsakiyar tafiyar tana faɗawa ne kusa da Faya. Sai ya gifta dab da inda iyakokin Cadi da Libiya da Sudan suka haɗu, ya ratsa arewacin Sudan, ya tsallake kogin Nilu, ya fito bakin Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Yana tsallake ruwan, sai Jidda. Da a ce daga filin jirgin Tawa za a tashi, nisan zai sauko zuwa wajen kilomita 3,650.

Duk lokacin da na kalli wannan layi sai kakanninmu su faɗo mani a rai. Ta Cadi da Sudan suka bi su ma, sai dai ta can kudu inda ake samun ruwa da gari, a ƙasa, da jaki da raƙumi, ana tafe ana noma ana ƙodago don a sami guzuri, har a kai Sawakin, tashar bakin Bahar Maliya a Sudan, a shiga jirgin ruwa. Wani shekara biyu, wani bakwai, wani bai dawo ba. Hausawan da ke zaune a Sudan yau, da yawansu jikokin waɗannan matafiya ne. Abin da ya ci musu shekaru shi ne muke lissafa shi da awa biyar.

Sai dai jirgi ba kasafai yake bin zaren sak ba. Sama ma tana da hanyoyinta, da mararraba, da masu ba da hannu. A sararin samaniyar Nijar da Cadi, hukumar ASECNA ce ke wannan aiki, wadda aka kafa tun 1959, hedkwatarta a Dakar, kuma makarantarta ta EAMAC da ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi a nan Yamai take. Matuƙi ba ya tashi sai an shigar da takardar hanyarsa, daga wannan alama zuwa waccan, kuma alamomin ba a kan zarenmu aka jera su ba. Wannan kaɗai yakan ƙara ɗan nisa. Da damina kuma ga hadari. Gajimaren hadarin Sahel yakan yi tsiri har ya wuce tsayin da jirgi ke tafiya, ba a ratsa shi, kewaye shi ake yi.

Babban abin da ke tsawaita wannan hanya a ƴan shekarun nan shi ne yaƙi. Da faɗa ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, kuma ka ga Sudan a tsakiyar hanyarmu take. Dole jirage suka koma zagaye, ko ta arewa su ɓullo ta Masar, ko ta kudu su ɓullo ta Habasha. Libiya ma kamfanoni da yawa suna kaffa-kaffa da samanta. A Hajjin 2023 kamfanonin da ke jigilar alhazan Najeriya sai da suka nemi ƙarin kuɗi saboda wannan zagaye. Mu ma nan mun ga irinsa ta ɗaya gefen: da aka rufe sararin samaniyar Nijar a watan Agustan 2023, jiragen da ke tasowa daga Turai zuwa kudancin Afirka sai da suka riƙa kewaye mu har aka buɗe a farkon Satumba. Zagaye irin wannan yakan ƙara awa ɗaya, biyu, ko fiye, wani lokaci har da tsayawa shan mai. Ban taɓa jin haushin wannan ƙari ba, kuma ba na so ka ji. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Abin da nake so kawai shi ne kada ka riƙe awa biyar a ka, ka tayar da hankalin gida in an yi bakwai ba a ji ta sauka ba.

Game da gudu, manyan jiragen fasinja suna yin kilomita 800 zuwa 900 a awa, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. In ka raba 4,000 da 850 za ka sami awa huɗu da minti arba'in da wani abu. Ragowar yana tafiya ne wajen hawa da sauka, da gangarawa a kan titin filin jirgi, da jiran layi, musamman a Jidda lokacin cunkoso. Iska ma tana da nata. Da sanyi akwai iska mai ƙarfi can sama da ke busowa daga yamma zuwa gabas a kan arewacin Afirka, takan tura mai zuwa Jidda, ta tare mai dawowa. Da damina kuwa a yankinmu iskar can sama daga gabas take busowa. Shi ya sa zuwa da dawowa ba sa cika yin daidai ko da hanya ɗaya aka bi.

Akwai kuma ruɗanin agogo, wanda ya fi kowanne sa mutane musu. Saudiyya tana gaban Nijar da awa biyu, kuma lokacin da ake rubutawa a tikiti lokacin garin da ake magana ne: na tashi agogon Yamai, na sauka agogon Jidda. A ce jirgi ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar da rabi. A agogonka na Tawa ƙarfe 3:30 na dare ya sauka, amma tikiti zai nuna 5:30 na asuba, sai ka ɗauka awa bakwai da rabi aka yi. A dawowa kuma abin ya juye: ya bar Jidda ƙarfe 10 na safe, tikiti ya nuna ya sauka Yamai 1:30 na rana, kamar awa uku da rabi. A zuwa ka cire biyu, a dawowa ka ƙara biyu. Rana ma ta fi agogo sauri, don asuba takan riga mu a Jidda da wajen awa biyu da rabi. In Hajiya tana shan maganin hawan jini ko na sukari, ku je wurin lokotoro kafin tafiya ya tsara mata lokutan sha, kuma maganin ya kasance a jakar hannunta, kada ya shiga akwatin da za a auna.

Yanzu ga tikitin awa 17. Jirgin da maƙwabcinka ya shiga na alhazai ne, irin wanda ake haya musamman lokacin Hajji a ƙarƙashin kulawar COHO, hukumar Hajji da Umra ta Nijar, ya kwashi mutane daga nan ya sauke su can. Mai zuwa Umra kuwa galibi tikitin jiragen yau da kullum yake saye, su kuma kowanne sai ya kai ka gidansa tukuna, ka sauka, ka jira, ka canza jirgi. Ga wani abin mamaki da na lura da shi tun ina sabon ma'aikaci: Yamai tana zaune ne kusan kilomita 4,000 daga Jidda, 4,000 daga Istanbul, 4,000 daga Addis Ababa, Paris ma 3,950. Ma'ana, in aka bi da Hajiya ta Istanbul ko ta Addis Ababa, lokacin da ta sauka a can ta riga ta yi tafiyar da ta isa ta kai ta Jidda, alhali da sauran aiki. Daga Addis Ababa saura kilomita 1,400, jimla wajen 5,400. Daga Istanbul saura kusan 2,400, jimla 6,400. In ta Kasablanka ce, da baya ma za a fara: kilomita 2,400 zuwa arewa maso yamma, sannan 4,750 zuwa gabas, jimla ta haura 7,000. Wani lokaci kuma jirgin kan yada zango a wani babban birni na maƙwabta kamar Wagadugu ya ɗauki fasinja kafin ya miƙa. Haɗa wannan da zaman jira na awa huɗu ko shida, ga awa 17 ta fito.

A nan ne zan faɗa maka ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Ga dattijuwa mai shekara 70, kilomita ba shi ne abin dubawa ba. Zaman jirgi, ko ya kai awa bakwai, a kujera take, ana kawo mata ruwa da abinci, makewayi na kusa. Abin da ke karya tsofaffi shi ne tsakanin jirgi da jirgi: doguwar tafiya a ƙasa cikin filin jirgin da ya fi wata unguwa girma, sanyin na'ura, allunan da ba da Hausa ko Faransanci aka rubuta ba, da rashin wanda za a tambaya. Gwaggona ta taɓa faɗawa cikin wannan. Wata ajans ta sayar wa ƴaƴanta tikiti mai sauƙin kuɗi, ba wanda ya ce musu akwai zaman awa goma sha ɗaya a hanya, su kuma ba su tambaye ni ba sai da ta tashi. Ta kwana a kan kujerar ƙarfe, ta ƙi shan ruwa don tsoron neman makewayi, ta isa Makka ƙafafu a kumbure, kwana biyu ba ta iya ɗawafi ba. Kuɗin da aka rage bai kai wahalar da ta sha ba. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, don tambaya ɗaya ce da ta hana duk wannan.

Saboda haka in ka koma wurin mai ajans, kada ka tsaya a kan kuɗi da ranar tashi. Ka ce ya nuna maka jimlar awannin tafiya daga Yamai har sauka, da sau nawa za a tsaya, da tsawon kowane jira. A ganina jiran awa biyu zuwa huɗu shi ne daidai ga tsohuwa. Ƙasa da awa biyu akwai haɗarin jirgin farko ya makara na biyu ya tafi ya bar ta, fiye da shida kuma azaba ce. Ka tabbatar tikiti ɗaya ne tun daga Yamai har ƙarshe, ba guda biyu aka haɗa ba. In ɗaya ne, kayanta za su wuce da kansu, kuma in jirgi ya makara kamfani ne zai nema mata wani. In biyu ne, ita za ta ɗauko akwatinta ta sake aunawa, kuma in ta rasa jirgi na biyu asararku ce. Sannan ka sa a rubuta mata buƙatar keken turawa tun ranar sayen tikiti, ko da tana tafiya da ƙafarta garau. Iyayenmu sukan ƙi, su ce su ba marasa lafiya ba ne. Ka lallashe ta. Mai tura keken shi ne zai kai ta ƙofar jirgi na biyu ba tare da ta ɓata ba, kuma wannan ya fi keken kansa amfani. In da hali, ta tafi cikin ayari ko da wani na gida.

Ka tambaya kuma ko Jidda za ta sauka ko Madina. Daga Yamai zuwa Madina kilomita 4,100 ne, bambancin bai kai minti goma a sama ba, amma a ƙasa ya canza tsarin tafiyar gaba ɗaya, don tsakanin Madina da Makka akwai wajen kilomita 450, a mota ko a jirgin ƙasa mai sauri da aka buɗe a 2018. Wanda ya sauka Madina yana da sarari ya huta, ya yi ziyara, ya ɗauki harami a Zul Hulaifa ranar da zai wuce Makka. Wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka kuwa, maganar mikati tana iske shi tun yana sama, kuma jirgi mai cin kilomita 14 a minti ɗaya ba ya jiran mai shiri. Jirage da yawa sukan yi sanarwa kafin a kai, amma ba da Hausa ba. Hukuncin wannan na malamai ne, ku tambaye su tun a gida, ta san abin da za ta yi kafin ta hau jirgi na ƙarshe. Ni dai ta fuskar gajiya, in an ba ni zaɓi ga tsohuwa, Madina nake fara kai ta.

Kada kuma ka manta tafiyarta ba daga Yamai ta fara ba. Tawa zuwa Yamai a sama bai kai kilomita 400 ba, amma a mota, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wajen 550 ne, yini guda a kar. Ana so ta kasance a filin jirgi awa uku kafin tashi. A Jidda kuma akwai layin duba fasfo da jiran kaya, sannan motar Makka. In ka tara duka, daga ƙofar gidanku zuwa masaukinta, ko da jirgin kai tsaye ne an doshi kwana guda, da mai tsayawa a hanya kuwa kwana ɗaya da rabi. Don haka kada ku taso daga Tawa ranar tashi, ko ana gobe da yamma. Ku iso Yamai da kwana biyu a hannu, ta kwana biyu a gidan ƴan'uwa, ƙafafunta su sauka, ta ci abincin da ta saba. A cikin jirgi ta sha ruwa ko ba ta jin ƙishi, ta riƙa motsa ƙafa, in an yi awa biyu ta tashi ta ɗan taka. Ka nemar mata kujerar bakin hanya kusa da makewayi, ba ta taga ba. Ka rubuta sunan masaukinta da lambar wayar jagoran ayarinsu a takarda da manyan baƙaƙe, ka sa mata a jakar wuya tare da fasfo, don waya tana iya mutuwa a hanya.